RUWA BA YA TSAMI BANZA: BIN SAWUN WUTA A CIKIN TSOHUWAR NA'URAR WASA

Jawabin da aka gabatar a zaman ɗalibai da ƙananan ma'aikata 'yan ƙasar Bagwai, lokacin hutun ƙarshen zango.



Muna godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, suka kuma ba mu damar tsayawa a gabanku. Ranar da muka faɗa wa shugabannin ƙungiya kan maganar da za mu yi, wani daga cikinsu ya yi murmushi ya ce, duk abubuwan da ke damun ƙasar nan ba mu ga na magana ba sai abin wasan yara? Tambayarsa tana kan hanya, muna kuwa fata kafin mu zauna ya sami amsarta. Abin da mu ke so mu nuna ɗaya ne tak, watau duk na'urar da ta ƙi tashi akwai dalili, dalilin nan yana zaune a wani wuri takamaimai, kuma mai haƙuri da ma'auni a hannu yana iya bin sawu har ya ɗora yatsa a kansa.

ABIN DA YA KAWO MAGANAR

Wani abokinmu ma'aikaci ya rasa mahaifinsa, Allah ya jiƙansa. Da aka zo buɗe adakar marigayi, a ƙarƙashin tsofaffin riguna da takardun gona sai ga wata 'yar na'ura mai launin toka, wadda ta yi kaurin ƙaramin littafi. Game Boy ce, tsarabar da uban ya kawo masa yana ɗan firamare, daga baya ya ƙwace ya ɓoye da ya ga tana neman raba shi da karatu. Abokinmu ya sa sababbin batura, ya tura makunni, shiru. Ya kai ta wurin wani mai gyaran waya a birni, shi kuwa ko buɗe ta bai yi ba, ya juya ta gaba da baya ya ce injinta ya ƙone, a jefar.

Da muka zo gida hutu sai muka raka shi rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo a nan Bagwai, wanda bai taɓa riƙe irin wannan na'ura ba. Ya karɓa ya duba, ya ce, "Samari, wa ya gaya muku ta ƙone?" Muka ce, "Baba, mai gyara ne a birni." Ya ce, "Ya auna?" Muka ce bai auna ba. Ya jawo mitarsa ya ce, "To, ku zauna, mu tambaye ta da kanta." Abin da muka gani a rumfar nan, da abin da muka ƙara bincikowa daga baya, shi za mu shimfiɗa muku.

WACE IRIN NA'URA CE

Kamfanin Nintendo na ƙasar Jafan ne ya fito da Game Boy a shekarar 1989, ƙarƙashin jagorancin injiniya Gunpei Yokoi, wanda tun 1980 ya ƙirƙiro ƙananan na'urorin Game & Watch. Ra'ayin Yokoi shi ne a ɗauki fasahar da ta riga ta tsufa, ta yi araha, aka san halinta, a yi mata sabon amfani. Don haka ya ƙi gilashi mai launi, ya zaɓi marar launi wanda ba ya shan wuta. Game Boy tana cin batura 4 irin na 'yan yatsa, ta yi sa'o'i 15 ko fiye tana aiki. Kishiyarta Game Gear, wadda kamfanin Sega ya fitar a 1990, tana da launi da haske, amma batura 6 ta ke ci, ta cinye su cikin sa'o'i 3 zuwa 5. Game Boy da ƙanwarta Game Boy Color ta 1998, an sayar da fiye da miliyan 118 a duniya.

A nan ƙasarmu kuwa, wadda yawancin 'ya'yan talakawa suka riƙe a shekarun 1990 ita ce Brick Game, mai araha, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta kwaikwayi wasan Tetris da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984. Ko wacce aka ɗauka daga cikinsu, hanyar wutarta kusan iri ɗaya ce: daga batir zuwa ƙarafan da ke riƙe shi, zuwa makunni, zuwa sashen da ke daidaita wuta, sa'an nan zuwa ƙwaƙwalwa da gilashi da sifika.

DARASI DAGA WATARI

Mu mutanen Bagwai ba ma bukatar a kai mu nesa kafin mu gane wannan hanya. Madatsar ruwa ta Watari, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1980, tana nan kusa da mu. Ruwa kan fito daga madatsa ya bi babbar magudana, ya ratsa ƙofofi, ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi har ya isa fangalin mai tumatir ko mai shinkafa. In manomi ya wayi gari ya ga fangalinsa a bushe, ba ya cewa ƙasar ta mutu ya sayar da gona. Fartanya ya kan saɓa ya bi hanyar ruwan, yana dubawa: nan akwai ruwa, nan ma akwai, nan babu. Tsakanin wurin ƙarshe da ya ga ruwa da wurin farko da bai gani ba, nan ɓarnar ta ke, ko ƙofa ce a rufe, ko laka ce ta toshe, ko kuwa gefe ne ya ɓalle ruwan na malala inda ba a aike shi ba.

Haka wutar lantarki ta ke. Ƙarfin turinta shi a ke aunawa da bolt, kamar tudun ruwan da ke bayan madatsa. Yawan wadda ke gudana shi a ke aunawa da amfiya. Turjiyar da ta ke gamuwa da ita a hanya, kamar laka a magudana, ita a ke aunawa da om, sunan Bajamushen nan Georg Ohm wanda ya bayyana dangantakar ukun a 1827. Ƙa'idarsa ita ce, in ka ninka amfiya da om, za ka sami yawan bolt ɗin da ya salwanta a wurin.

Bari mu gwada. A bayan Game Boy an rubuta bolt 6 da wat 0.7. In aka raba 0.7 da 6, za a ga iyakar abin da ta ke ja bai wuce amfiya 0.12 ba. To, a ce tsatsa ta hau wani ƙarfe har turjiyarsa ta kai om 20. Ninka 20 da 0.12, ka sami bolt 2.4 da suka zube a kan tsatsar nan kaɗai. Cikin 6 saura 3.6 ke nan, na'ura kuwa sai ta riƙa ɗaukewa ko ta ƙi tashi sam, alhali ba abin da ya sami ƙwaƙwalwarta.

MATAKI NA FARKO: BATIR DA GIDANSA

Dattijon nan da batir ya fara, bai kuwa yarda da cewar sababbi ne ba sai da ya auna. Sabon batir ya kan nuna bolt 1.5 ko ɗan sama da haka. Wanda ya sauko kusa da 1.0 ya gama aiki. Amma akwai wata dabara a nan: batir mai rauni yana iya nuna lafiya in ba a ɗora masa kaya ba, da an kunna na'ura sai ya durƙushe. Saboda haka a kan auna sau biyu, na'ura tana kashe, da kuma tana kunne.

Baturan abokinmu lafiyarsu lau. Gidansu ne ya ci amana. Sifirin biyu sun yi fari fat da wani gari mai kama da gishiri, ga kuma kore-kore a gindinsu, alamar an bar tsofaffin batura sun yi yoyo a ciki shekara da shekaru. A nan sai a san irin batirin da ya yi ɓarnar, domin maganin ya bambanta. Batir mai tsada da a ke kira alkalin, ruwansa dangin kanwa ne, don haka da tsami a ke kashe shi, watau ɗigon lemon tsami ko ruwan khal a bakin auduga. Batir mai araha irin na tocila da rediyo, mai baƙin gawayi a tsakiya, ruwansa tsami-tsami ne, sai a goge shi da ruwan bekin soda. Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan ilmi, tun da da kanwa su ke kashe tsamin yakuwa a miya. Bayan haka a goge da sifirit, a kankare sauran tsatsa da sanfefa mai laushi har ƙarfe ya yi ƙyalli, a bar shi ya bushe sarai. Kada garin nan ya shiga ido ko baki, a kuma wanke hannu in an gama.

Da aka mai da batura, mita ta nuna bolt 6.2 a bakin gidan. Aka tura makunni, har yanzu shiru. Abokinmu ya ce, "Baba, ko dai gaskiyar mutumin birni ne?" Dattijo ya ce, "Yaro, ƙofa ɗaya muka buɗe, akwai saura."

MATAKI NA BIYU: RAMIN ADAFTA DA MAKUNNI

Sai ya kwance na'urar, yana ajiye kowace kusa a cikin murfin gwangwani, yana kuma lallaɓa faffaɗar igiyar da ta haɗa gaba da baya don kada ta yage. Ya kafa baƙar wayar mita a gefen debewa na batir, ya riƙa tafiya da jar yana taɓa mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, kamar dai manomin Watari.

Zangon farko shi ne ramin da a ke soka adafta. A cikinsa akwai wani ɗan harshen ƙarfe wanda aikinsa shi ne yanke batir in an soka adafta, ya mai da shi in an zare. In harshen nan ya yi tsatsa ko ya saki, sai na'ura ta yi aiki da adafta ta ƙi yi da batir, mai ita ya yi ta zargin batura ba su ji ba ba su gani ba. A wannan na'ura wuta ta wuce ramin lafiya.

Zango na biyu makunni ne. Kafinsa bolt 6.2, bayansa kuwa lambobin mita sai rawa su ke, su hau 4 su faɗo 2. Ga wurin ƙarshe da aka ga ruwa, ga wurin farko da ya yanke. Makunni mai lafiya, in an cire batura aka auna shi a kunne, turjiyarsa kusan sifiri ce. Wannan kuwa ƙurar hunturu da laimar damina ta shekaru sun yi masa rufi a ciki. Dattijo ya ɗiga masa sifirit, ya yi ta tura shi gaba da baya har ya gaji, ya bari ya bushe. Aka kunna, 'yar jar fitilar nan ta kama, sifika ta yi ƙararta ta gaisuwa. Amma gilashi wayam.

MATAKI NA UKU: SASHEN DAIDAITA WUTA

Wanda bai san kan abin ba, a nan zai ce gilashi ya mutu. Amma ƙarar da aka ji shaida ce cewa ƙwaƙwalwa tana raye, tana kuwa samun abincinta. Abu na farko, a murza 'yar tayar da ke gefe mai ƙara duhun hoto, domin sau da yawa ita ce kurum aka murɗe. Aka murza, ba canji.

A cikin Game Boy ta farko akwai wani ƙaramin allo a gefe guda, wanda ke karɓar wutar batir ya fitar da iri biyu: bolt 5 tsayayyu don ƙwaƙwalwa, da kuma wajen bolt 18 zuwa 19 ƙasa da sifiri don gilashi. Dattijonmu bai san wannan adadi ba, amma ya san duk wayar da ta fito daga irin wannan allo wani abu ta ke ɗauke da shi. Ya auna ɗaya ya sami 5. Ya auna ɗayar, a kan allon akwai wuta, a ƙarshen wayar babu. Ya kawo gilashin ƙara girma, sai ga wani siririn tsagi ya kewaye dalmar da ta riƙe wayar, irin wanda faɗuwa da tsufa kan haifar. Ya ɗora ƙarfen liƙi a wuta, ya narkar da dalmar ya ƙara sabuwa kaɗan. Aka soka kaset aka kunna, sai ga sunan Nintendo yana gangarowa daga saman gilashi. Abokinmu ya yi shiru ya daɗe, mu ma ba wanda ya tanka masa.

Ku lura, cuta uku aka samu, ba ɗaya ba, kuma ba wadda ta ci kayan gyara na kwabo. Da an tsaya a ta farko, da an yanke wa na'urar hukuncin da ba ta cancanta ba.

SAURAN WURAREN DA A KAN DUBA

Ba kowace na'ura ke ƙarewa a nan ba. Akwai kafasita, 'yan gwangwanayen nan masu tara wuta su sake ta a hankali don ta daidaita. A cikinsu akwai ruwa, wanda kan bushe ko ya tsiyaye in sun tsufa. Game Gear ta yi ƙaurin suna a wannan: hoto ya dushe, murya ta shaƙe, ko ta kama ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi, in an ɗora ƙarfe mai zafi a wurin kuma a ji ƙarni kamar na kifi. Maganinsa sauyi, da wadda awonta ya yi daidai da na tsohuwar, bolt ɗinta kuma ya kai ko ya fi. A kula da gefen da ke da zane, shi ne na debewa, domin in an juya ta tana iya fashewa. Fitilar bayan gilashin Game Gear kuma da wuta mai ƙarfi ta ke aiki, kada a kai mata yatsa tana kunne.

Akwai kuma haɗewar hanya, abin da masu gyara ke cewa ta yi shot, watau ɓallewar gefen magudana. Alamarta batura su yi zafi ko su ƙare nan da nan. A cire batura, a auna tsakanin hanyar wuta da ta debewa. In mita ta tsaya kusa da sifiri, akwai inda suka haɗe. Na'urori irin su Game Boy Color suna da ƙananan fis masu tsinkewa don su ceci sauran kaya. In an sami fis a tsinke, a nemi abin da ya tsinka shi tukuna. Ɗabi'ar nan tamu ta ɗaure fis da waya, a gida ko a ofis, daidai ta ke da korar mai gadi don ya yi ihun ɓarawo.

Ita kuwa Brick Game, ƙwaƙwalwarta tana ƙarƙashin wani baƙin ɗigo mai kama da kwalta, ba ta sauyuwa. Duk da haka a fara duba sifirin da siraran wayoyinta kafin a yi mata salla.

GARIN GYARAN GIRA

Na'urori da yawa ba tsufa ke kashe su ba, mai gyara ne. Abu uku mu ke roƙo a guje wa. Na ɗaya, soka kowace adafta don kawai bakinta ya shiga rami. A karanta abin da aka rubuta a jikin na'ura, a auna abin da adaftar ke fitarwa, domin masu arahar nan kan ba da fiye da abin da suka faɗa, a kuma tabbata ba a juya tarawa da debewa ba. Na biyu, akwai baturan litiyam masu caji da girmansu ya yi daidai da na 'yan yatsa, amma kowanne in ya cika bolt 4.2 ne. Guda 4 sun ba da 16.8 ke nan a inda a ke bukatar 6, ƙonewa kuwa a nan ta gaske ce. Na uku, sauya kaya bisa zato, a cire wannan a gwada, a cire wancan a gwada, har allo ya ɗaye. Wanda bai auna ba, caca ya ke yi da dukiyar mutane.

INA RUWANMU

Yanzu sai mu koma ga tambayar ɗan'uwanmu. Hanyar da muka bi ɗin nan ita ce dai ta rediyon manomi, da tocila, da fitilar sola da ta cika gidajenmu, da injin ban-ruwa. Kowane ɗaya aka jefar bisa kuskure, kuɗin gero ne ko na gyaɗa ya tafi. Daɗin daɗawa, a wannan yanki na Kano ba a barin gona ta huta, da taki a ke riƙe ta, sharar bola kuwa tana cikin takin. Mataccen batir da fasasshen allon da muka watsar yau, baɗi suna cikin kunya tare da dawa. Don haka a cire batura daga duk abin da za a ajiye ya daɗe, matattu kuma a ware su daban, kada su bi shara zuwa gona.

Mu ɗalibai, da yawanmu mun haddace ƙa'idar Ohm mun ci jarrabawa da ita, amma ba mu taɓa riƙe mita ba. Dattijon rumfa bai san sunan Ohm ba, amma kullum da ƙa'idarsa ya ke cin abinci. Ilmin ya rabu biyu, rabi a aji rabi a kasuwa, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Shawararmu ita ce ƙungiya ta sayi mita ko da biyu ce da ƙarfen liƙi, kowane hutu a tara matattun rediyo da fitilu na unguwa, a gayyato masu gyara na gari su koya mana hannu, mu kuma mu koya wa yaransu lissafin.

Ku kuma 'yan'uwa ma'aikata, gobe za a kawo muku takarda a ce famfon ƙauye kaza ya mutu, ko firijin allurar rigakafi na asibiti ya lalace, a sa hannu a sayo sabo. Kafin ku ɗora alƙalami, ku yi tambayar da dattijon nan ya yi mana: an auna? In an auna, a ina wutar ta tsaya? Wanda ya kasa amsa wannan, bai san abin da ya lalace ba tukuna, kuɗin jama'a kuwa amana ne a hannunku.

Na'urar abokinmu tana nan a kan teburin shugaban taro, da baturanta a ciki, ga kuma mita a gefenta. Duk mai so, in an tashi ya matso mu buɗe ta tare, ya auna da hannunsa, gani ya kori ji.